Ranar da manhajata ta fi ƙarfina

A 2018 na rubuta wa kawuna, dilan kayan gini a Kano, wata 'yar manhaja. Aikinta bai wuce ƙirga siminti da rodi da fenti a sito ba, sai buga rasit. Da yaren rubuta manhaja na PHP da ma'ajiyar bayanai ta MySQL na haɗa ta, da daddare bayan isha'i. Abokansa na kasuwa suka gani suka ce su ma a saka musu. Kowa da tasa buƙatar: wannan yana son littafin bashi, wancan yana da rassa biyu yana son ganin cinikinsu a wayarsa. Ban taɓa cewa a'a ba.

A watan Fabrairun 2020 na fara shan jinin jikina, lokacin da gwamnati ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Gyaran da bai kamata ya wuce minti biyar ba sai da ya cinye min kwana uku, domin ashe na warwatsa lambar 5 ɗin nan a wurare barkatai cikin rubutun manhajar, maimakon in ajiye ta wuri guda. Na gyara waɗanda na tuna. Bayan mako biyu kawu ya kira ni, murya a sanyaye: "Ɗan nan, rasit yana faɗin wani abu, rahoton wata yana faɗin wani. Wanne zan nuna wa akanta?" Kunyar da na ji ranar har yau ban manta ta ba. Amana ce mutumin nan ya ba ni.

Daga nan tsoro ya shige ni. Akwai sassan da da hannuna na rubuta su, amma in na buɗe sai gabana ya faɗi, don ban san me zai rushe ba idan na taɓa layi ɗaya. A ganina wannan tsoron shi ne ma'aunin gaskiya, ya fi yawan layuka ko yawan kwastomomi nuna cewa aiki ya girme ka.

Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya zo, ciniki ya koma taransifa, kowane shago yana son manhaja ta riƙa daidaita alat da rasit. Ina tsakiyar wannan zazzaɓi ya kwantar da ni. Wata Asabar rumbun ajiyar saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, ya cika, shaguna suka kasa buga rasit tun safe, ga kalmar sirri a kaina ni kaɗai. Ina rawar ɗari cikin bargo, kwamfuta a cinya, na dinga goge tsofaffin fayiloli har abin ya tashi.

Da na warke na ɗauki wata yarinya da ta gama karatun kwamfuta. Watan farko aiki ma baya ya ci, kusan rabin yinina a amsa tambayoyinta yake tafiya. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin babbar manhajar OS/360 a kamfanin kwamfuta na IBM, ya faɗa tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara, ƙara masa makara yake yi. Na ga hakan da idona. Sai dai tambayoyin nata su ne maganin. "Malam, me ya sa wannan shagon lissafin bashinsa ya bambanta da na saura?" Amsar tana kaina kawai, wata yarjejeniya ce ta baka da muka yi da mai shagon shekara huɗu baya. Ta ce in faɗa ta rubuta.

Ita ta matsa muka koma Git, tsarin adana tarihin kowane gyara da aka yi wa manhaja, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, muka bar kwafe-kwafen folda da nake yi. Muka rubuta gwaje-gwaje masu gudanar da kansu ga duk inda kuɗi ke bi, muka mayar da haraji wuri ɗaya. Yanzu ba abin da ke hawa saba sai ɗayanmu ya duba aikin ɗaya.

Kwanan baya wani Alhaji ya nemi a ƙara masa lissafin albashin ma'aikata. Na ce masa ya yi haƙuri, ba za mu iya riƙe shi yadda ya kamata ba, na kwatanta masa inda zai samu. Bai ji daɗi ba, amma har yanzu da manhajarmu yake buga rasit.