Jirgin da ya wuce Edeya bai tsaya ba

Mu mutanen arewacin Kamaru, jirgin ƙasa ɗaya muka sani sosai, wato jirgin dare da ke tashi daga Ngaundare da almuru ya isa Yawunde da hantsi, bayan ya ci tafiyar kilomita fiye da 600. Tun da aka kammala layin dogon a 1974, Ngaundare ta zama ƙarshen hanya, inda kowane jirgi yake tsayawa dole domin babu sauran dogo a gabansa, kuma daga nan ne motoci suke kwashe mutane da kaya zuwa Garwa da Marwa da Kusiri, har su ƙetare zuwa Njamena, tunda Cadi ba ta da layin dogo nata. Wanda ya taso a irin wannan gari yakan ɗauka cewa babbar tasha tana da haƙƙi a kan kowane jirgi. Ni ma haka na ɗauka har shekarar 2015, lokacin da harkar sayen kaya ta kai ni Duwala, na shiga jirgin da kamfanin Camrail ya fara gudanarwa a 2014 da sunan InterCity, wanda yake haɗa Yawunde da Duwala kai tsaye.

Jirginmu na dare yana tsayawa a Ngaundal da Mbitom da Belabo da Nanga Eboko, kuma kowace tsayawa kasuwa ce. Ko da ƙarfe biyu na dare ne, mata da yara suna zuwa ƙarƙashin tagogi da faranti a ka, suna tallan zuma a kwalba da ayaba da ƙullin rogo da aka naɗe a ganye, fasinja ya miƙa hannu ta taga ya karɓa ya jefa kuɗi, wani lokaci ciniki bai ƙare ba jirgi ya fara motsi, mai talla ta bi shi da gudu tana ƙirga canji. Saboda haka ba ma damuwa da guzuri mai yawa. Jirgin Duwala kuwa tsarinsa dabam ne, domin tun a wurin sayen tikiti aka gaya mana cewa wanda zai sauka a wani gari na hanya ya nemi wani jirgin, wannan ba zai buɗe ƙofa ba sai a tashar Besenge da ke Duwala, bayan kilomita kimanin 260, cikin abin da bai kai awa huɗu ba.

Ƙananan tashoshi irin su Makak ba su ba ni mamaki ba. Eseka ma na ce to, gari ne matsakaici, ko da yake tsohuwar tasha ce tun zamanin Jamusawa. Edeya ce ta tsaya mini a rai. Gari ne mai madatsar ruwa a kan kogin Sanaga da ke ba ƙasar lantarki, yana da masana'antar narka sanholo ta Alucam da take aiki tun 1957, ga kuma tsohuwar gadar ƙarfe da Jamusawa suka gina a 1911. Da muka tunkari tashar sai jirgin ya rage gudu, ƙarar ƙafafunsa ta sauya yayin da yake tsallake mahaɗar layuka, direba ya yi ta busa ƙaho, har wasu fasinjoji suka fara gyara zama kamar za a sauka. Na ga mutane zaune a kan buhunansu suna jiran nasu jirgin, na ga wata mata da ta ɗaga farantin tallanta ta yi taku biyu sannan ta sauke shi, na ga wani ma'aikaci tsaye a bakin dandamali yana bin taragai da ido ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gama karanta sunan tashar a jikin allo, jirgin ya sake ɗaukar gudu.

Kusa da ni akwai wani dattijo Bahaushe, mazaunin Duwala, wanda ya ce ya yi aikin dogo tun lokacin da hukumar gwamnati ta Regifercam take riƙe da shi, kafin a miƙa wa Camrail a 1999. Na tambaye shi: "Baba, yaya jirgi zai wuce gari kamar Edeya, alhali ga mutane a tasha?" Ya ce: "Ɗana, tsayawar da kake gani ta minti uku ba minti uku ba ce. Sai ka rage gudu tun daga nesa, ka tsaya, a sauke kaya a loda, sannan ka sake tayar da nauyin nan duka. In ka yi haka sau goma, wanda zai je Duwala gara ya hau bas."

Bayaninsa na gaba shi ne ya fi amfane ni. Layin Kamaru siriri ne, faɗinsa mita ɗaya, kuma kusan ko'ina layi ɗaya ne tak da jirgi mai zuwa da mai komawa suke amfani da shi, don haka jirage biyu ba sa iya gilma wa juna sai a tasha, inda ake da layin gefe. Ke nan duk lokacin da jirginmu ya ratsa wata tasha bai tsaya ba, akwai yiwuwar an riga an kawar da wani jirgin gefe yana jiranmu, ko na katako, ko na man fetur, ko kuma ƙaramin jirgin fasinja da ke tsayawa a kowane ƙauye. Nan na gane dalilin doguwar tsayawar da jirginmu na dare yakan yi a tsakiyar daji, wadda muke zargin lalacewar inji ce, alhali sau da yawa jiran wani jirgin ake yi ya fito daga layin. A ƙasashen da suke da kuɗi an magance wannan da gini: a Japan, jirgin Nozomi da ke tsakanin Tokyo da Osaka yana ratsa tashar Shizuoka, babban birnin lardi, ta layukan tsakiya da ba su da dandamali, jiragen da ke tsayawa kuma suna komawa layukan gefe. A wurinmu haƙurin wasu ne yake biyan saurin wasu, kuma ban ga laifin mutumin Edeya ba idan ya ji haushin jirgin da yake ratsa garinsa da kujeru a buɗe.

Tun daga wannan tafiya, kafin in biya kuɗin tikiti sai na tambayi sunayen tashoshin da jirgin zai tsaya, ba inda zai ƙare kawai ba, kuma haka nake gaya wa yaran da nake aika kudu sayen kaya, musamman waɗanda ba su jin Faransanci sosai. Ina kuma shiga da ruwa da abincina, in yi alwala tun a tasha, domin jirgin da ba ya tsayawa ba ya ba mutum damar saye ta taga. Idan kuma ni ne a kan dandamali, nakan ja yara baya da zarar na ji ƙaho, ko da kuwa ina tsammanin jirginmu ne.

A ranar 21 ga Oktoba 2016, jirgin fasinja da ya taso daga Yawunde zuwa Duwala ya kauce daga layi a daidai Eseka, a ranar da hanyar mota tsakanin biranen biyu ta yanke aka ƙara masa taragai don ɗaukar jama'ar da suka yi cincirindo a tasha. Alƙaluman gwamnati sun nuna mutum 79 ne suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata, binciken da aka yi kuma ya ambaci gudun da ya wuce ƙa'ida da matsalar birki. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Bayan haka aka dakatar da jirgin na kai tsaye na tsawon shekaru, mu kuma 'yan arewa muka koma sauka daga jirgin dare a Yawunde mu nemi bas zuwa Duwala.