Ƙaurin da na ɗauka na ƙura ne

A hunturunmu na biyu a jihar Minisota ta Amurka, na riga na san cewa ranar farko da aka kunna na'urar ɗumama gida a watan Oktoba sai an ji ƙauri, domin ƙurar da ta kwanta a cikinta tun bazara ce ke ƙonewa, kuma cikin sa'a ɗaya ko biyu take wucewa. Wannan sanin ne ya cuce ni.

Da ƙauri ya sake tashi a tsakiyar Janairu, uwargida ta ce, "Maigida, wannan ba ƙura ba ce, kamar wayar lantarki ce ke narkewa." Na amsa mata da cewa zai wuce, alhali na'urar da ta yi wata uku tana aiki dare da rana ba ta da sauran ƙurar da za ta ƙone. Kwana huɗu na bar ta tana kamawa tana mutuwa bayan 'yan mintuna, wanda alama ce ta cewa makunnin kariya na yanke wuta saboda zafi ya yi yawa a ciki. A dare na biyar, sanyi ya zarce digiri 20 ƙasa da sifiri, injin fankar da ke tura iska cikin ɗakuna ya tsaya cak.

Abin da mai gyara ya zaro washegari har yanzu yana ɓata mini rai: matatar iska ce mai kaurin inci 1, ta toshe ta yi baƙi ƙirin. Ni na sayi mai lamba MERV 13 (lambar da ke nuna ƙarfin tacewa) don ta fi tace ƙura, ban san ta fi saurin shaƙe na'ura ba, na kuma bar ta wata huɗu, sannan na rufe kafofin iska na ɗakuna biyu don rage kuɗin gas. Fanka ta yi ta fama har ta ƙone, na biya dala 700, kuɗin da zai sayi matatun iska na shekaru.

Yanzu idan na ji ƙaurin roba ko na waya, kashe na'urar nake yi nan take, in duba matatar iska kafin komai. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa gas ne ke yoyo, a fitar da iyali waje kafin a kira kamfanin gas. Iskar kabon monoksaid, mai guba da na'ura mai ƙona gas kan iya fitarwa, ba ta da wari sam, shi ya sa a ranar gyaran na ɗaura na'urar gargaɗi a bakin ɗakin yara.