Ɗakin ƙailula a jami'a, ni dai loka nake fara dubawa

Duk wanda ya taɓa shiga laburaren jami'a ana saura sati ɗaya jarrabawa ya san wannan hoton: mutum ya kifa kai kan littafi, ya naɗe igiyar jakarsa a hannu, waya a ƙarƙashin kunci, barcin ma rabi da rabi. Ni ma na sha yi, in farka wuya a sanƙare, ga shatin littafi a goshi.

Shi ya sa da na ji wasu jami'o'i sun fara ware wurin barci na ce ai dama. Jami'ar Michigan a Amurka ta gwada a 2014 a cikin laburarenta, kuma ba wani abin a zo a gani ba ne, 'yan gadaje ne masu shimfiɗar leda da ake gogewa, da rigar filo da ake yarwa in an gama, da loka ta ajiye kaya, sannan minti 30 kawai aka yarda mutum ya yi. Wasu kuma suna kashe kuɗi su sayi kujerun nan masu murfi kamar ƙwai, suna da kyau a hoto kam, amma guda biyu za su ishi ɗalibai dubbai?

Lokar nan fa ita ce rabin aikin. Ba wanda barci zai ɗauke shi da gaske alhali yana tunanin ko za a ɗauke masa kwamfuta, ido ɗaya a rufe ɗaya yana gadi.

Sai maganar lokaci. Binciken da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi kan matuƙa jirgin sama a shekarun 1990 ya nuna barcin kusan minti 26 ya ƙara musu kuzari da natsuwa sosai. Amma da an zarce rabin awa jiki ya fara nitsewa cikin barci mai nauyi, in aka tashe ka a nan sai ka miƙe kamar an yi maka duka, ka ma rasa a ina kake, gara ma ba ka kwanta ba. Ko dai minti 20 zuwa 30, ko cikakken zagayen barci na kusan minti 90, to wa zai ba ka gado na minti 90 ga layi a bakin ƙofa?

Kuma don Allah kar a bar kowa da ƙararrawar wayarsa, mutum ɗaya ya tashi ya tayar da goma. Fitila mai haskawa a hankali a kan kowane gado, ko abu mai girgiza, ya wadatar. Ɗakin ya yi sanyi-sanyi da duhu-duhu, nesa da firinta da matakala, da labule tsakanin gadaje, da ma'aikaci mai leƙawa don hankalin kowa ya kwanta, musamman mata.

Da ni ce mai tsarawa, zan fi buɗe shi daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana, lokacin da jiki dama yake yin laushi. Barcin bayan ƙarfe 4 na yamma daga na dare yake cira, ɗalibin da bai samu awa 7 jiya ba sai ya sake kai ƙarfe 2 na dare ido biyu.