Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jan Wuya

Makon jiya na yi muku alkawarin shiga maganar rabon gadon Malam. Ku yi mini haƙuri, sai na fara ba ku labarin Jan Wuya. Wanda bai san itacen nan ba, ba zai gane abin da ya sa na bar wa dangin mijina kaya masu tsada ban ce uffan ba, amma na tsaya kai da fata a kan tukunya ɗaya da abin da ke cikinta.

Mu muka sa masa Jan Wuya a gida. A littattafan masana tsirrai sunansa Cyrtostachys renda, wani masani mai suna Blume ne ya fara rubuta bayaninsa a 1838. Dangin kwakwa ne da dabino, sai dai siriri ne, kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, daga gindinsa wasu ke tsirowa har su zama tsibi. Jikinsa kore ne mai gaɓa-gaɓa kamar rake. Can sama, inda gindin ganyaye ya naɗe kan karan, nan ne jan yake, ja wur, har ya bi jijiyar ganyen ya yi sama. Baƙi da yawa sun sa yatsa sun goga don su ga ko fenti muka shafa. Duk lokacin da tsohon ganye ya bushe ya faɗi da kubensa, sai sabon ja ya bayyana a ƙarƙashi, ya fi na da haske.

Malam ya fara ganinsa ne a lambun tsirrai na Singafo, a tafiyar nan ta karatu da na ba ku labari. Ya ce mini itacen ne ma tambarin lambun. Ya dawo da hotuna da zancen da ba ya ƙarewa. Iri ya fara samowa, ƙananan 'ya'ya baƙaƙe da ba su wuce tsawon santimita ɗaya ba, muka shuka, muka yi ta jira shiru. Irin itacen nan ba ya jure ajiya, in ya bushe a hanya ya mutu, kuma ko ɗanye ne yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, kafin ya huda ƙasa. Namu bai huda ba. Daga baya ya sami ɗan dashe a wurin masu rainon furanni, kore shar, babu ko ɗigon ja a jikinsa. Haka suke tun suna ƙanana, jan sai sun yi shekaru yake zuwa. Ranar da ya shigo da shi ne Gwaggo ta dube shi, ta dube ni, ta ce:

"Ba 'ya'ya, ba inuwa, sai shan ruwa."

A lokacin na daɗe a gidan ban haihu ba, kun sani. Kowa a tsakar gidan ya ji, kowa ya san da wa take. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ado ne." Ta ce, "To, ado." Ban yi kuka a gabanta ba. Amma daga ranar na ɗauki rainon itacen nan a kaina, har na fi Malam saninsa, shi da kansa yake faɗa.

Ruwan da ta faɗa, gaskiya ne yana sha. Asalinsa fadamun kudancin Tailan ne, da Malesiya, da tsibiran Sumatra da Borneo, inda ƙasa ruɓaɓɓen ganye ce da ya taru shekaru aru-aru, ruwan wurin baƙi-baƙi mai tsami, ƙafar itace kuma a jiƙe take rani da damina. A can yakan kai mita 16. Lardin Jambi a Indunisiya ma shi suka ɗauka alamar tsiron lardinsu. To wanda ya fito daga irin wannan wuri, in ka kawo shi gidanka sai ka gina masa 'yar fadamarsa. Na haɗa masa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da zaren ɓawon kwakwa da ɗan yashi, na zaunar da tukunyar a cikin daro mai ruwa kaɗan yadda gindinta zai riƙa tsotsa. Sauran furanni in ka yi musu haka saiwarsu ruɓewa take, shi kuwa abin da yake so ke nan. Ruwan daron ina zubar da shi ina sakewa a kai a kai don kada sauro ya yi ƙwai. Wannan ku riƙe shi, zai dawo a labarin.

Ruwan ma ba kowane ba. Akwai shekarar da sababbin ganyensa suka riƙa fitowa ɗorawa-ɗorawa, jijiyoyin kaɗai ke kore. Ruwan da muke ba shi ne mai gartsi, irin wanda ke barin farin dabbare a jikin buta. Irin wannan ruwa yana kashe tsamin ƙasa, in tsamin ya tafi kuma saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan a ƙasar. Na koma tarar ruwan sama a ganga dominsa kawai, ganyen da suka biyo baya suka dawo kore. Gwaggo ta ga gangar ta sake maimaita maganarta. Ta maimaita ta a gaban baƙi, ta maimaita ta ranar da Malam ya sa aka ƙera wa tukunyar katako mai taya.

Katakon nan saboda sanyi aka yi shi. Jan Wuya ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 29, da iska mai danshi. Da ma'aunin zafi ya sauko wajen digiri 10, ya fara cutuwa. Ba sai ƙanƙara ta sauka ba, sanyin da mutum zai sa riga mai kauri ya ci gaba da harkarsa ya isa ya yi masa illa, balle in ya haɗu da busasshiyar iska. Shekaru bayan haka, a watan Janairu na 2010, da sanyi ya sauka a Fulorida ta Amurka har Miyami ta kusa digiri 2, Malam ya kira ni yana karanta mini yadda masu lambu a can suka yi asarar itatuwan ƙasashen zafi. Ya ce, "Kin ga, ba mu kaɗai ba ne." Har lokacin abin da sanyi ya yi wa namu, wanda zan ba ku labarinsa nan gaba kaɗan, bai bar ransa ba.

Don haka duk lokacin sanyi, kafin rana ta faɗi sai in tura shi cikin ɗaki, da hantsi in fito da shi. In rage ruwan daron, domin saiwa a cikin ruwa mai sanyi ta fi saurin mutuwa, abin da zan zuba masa kuma sai na bar shi a rana ya yi ɗumi. A ɗaki ma akwai tasa matsalar: iskar ɗaki busasshiya ce, sai ƙananan ƙwarin nan masu saƙa yana a bayan ganye su taso masa. Da tsumma mai ruwa nake bin ganyen ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. Ban taɓa jin wannan aiki ya yi mini nauyi ba.

Shekarar da wuyansa ya fara ja sosai, ita ce shekarar da aka kwantar da Malam a asibiti, ciwonsa na farko, ba wanda ya tafi da shi ba. A tsakiyar sanyi ne. Ni ke jinyarsa, a can nake kwana. Kafin in fita na kira Auta, ƙanin Malam, na nuna masa komai: ga katako, ga ƙofa, ga daro, ga ganga. Na ce, "Auta, don Allah ko ka manta da komai kada ka manta da shigar da shi." Ya ce, "Yaya, kada ki damu." Ya yi na 'yan kwanaki. Sai Gwaggo ta ce a daina wahalar da yaro a kan ciyawa alhali mai gidan yana kwance. Ta sa aka cire daron, wai sauro yake tarawa. Daron da nake sake wa ruwa da hannuna tun kafin Auta ya yi hankali, tun yana ɗan makaranta. Aka bar tukunyar a fili, ba ruwa, ba rufi, iska na kaɗa ta dare da rana.

Abin da ke da ciwo a cutar sanyi shi ne ba ta nunawa nan take. Na leƙo gida ɗaukar kaya na gan shi a waje, gabana ya faɗi, amma ganyen na nan kore. Na shigar da shi, na yi wa Allah godiya. Bayan kwanaki sai tabo masu ruwan ƙasa suka fara fitowa a ganyen, suka bazu, jan wuyan ya dushe ya koma kalar tsatsa. Ranar da aka sallamo Malam, kafin ya shiga ɗaki ya tsaya a kansa, ya kama sabon ganyen tsakiya wanda bai buɗe ba, ya ɗan ja. Sai ya zare a hannunsa, gindinsa baƙi, yana wari. Kusan duk dangin dabino haka suke, kowane kara wuri ɗaya tak yake girma daga gare shi, can cikin ƙoƙon kansa. In wurin nan ya ruɓe, karan ya gama, ba ya yin reshe ta gefe. Malam ya ajiye ganyen a bakin tukunyar, ya shige ɗaki bai ce da kowa komai ba. Gwaggo tana zaune tana gani. Abin da ta ce shi ne, "Lafiyarka ta fi."

Lafiyarsa ta fi, ban musa ba. Amma shigar da tukunya ɗaki bai hana kowa yi masa addu'a ba. Wannan amsar ban ba ta ba a ranar, kuma na yi shekaru ina ba ta ita a zuciyata.

Ban zubar da ƙasar ba. A gindin mataccen karan akwai 'yan toho guda biyu da ganyen da nake tarawa a bakin tukunyar ya lulluɓe, shi ya kare su. Na yanke mataccen, na ajiye tukunyar a wuri mai ɗumi da inuwa, ina jiƙa ƙasar kaɗan-kaɗan har zafi ya dawo. Ba su motsa ba sai da damina ta zauna. Daga nan kuma aka koma farko: kore, kore, shekara da shekaru, domin itacen nan ba ya sauri ko an yi masa taki. A cikin shekarun ne muka tashi daga babban gida, aka yi auren Auta, na rasa mahaifiyata. Duk inda muka je da shi muka je. Ƙanana sun fi son inuwa-inuwa, sai da suka yi ƙarfi na riƙa matsar da su inda rana ke taɓa su da safe. Da suka fi ƙarfin ƙofa, Malam ya kafa musu sanduna huɗu a jikin bango inda iska ba ta bugowa. In dare zai yi sanyi mu rufa barguna a kan sandunan har ƙasa, ba a kan ganyen ba, mu kunna ƙwan lantarki irin na da mai zafi a ciki. Da safe mu yaye.

Malam ya ga jansu kafin ya rasu, alhamdu lillahi. Ya ga tsibin ya cika tukunya har mun sake babba. Yakan sa a kai masa kujera wurin da yamma. Inuwar ba ta da yawa, gaskiyar Gwaggo ce a nan, amma ta ishi mutum ɗaya.

Ita Gwaggo ta riga shi. Har ta koma ga Allah ba ta janye maganarta ba, ban kuma nemi ta janye ba. Na yi mata wanka da hannuna tare da 'ya'yanta, na yafe mata tsakanina da Allah. Mantawa ce ba a hannuna take ba. Har yau in ina zuba ruwa a daron nan sai in ji muryarta, ba 'ya'ya, ba inuwa, sai shan ruwa, da yadda ta ja ƙarshen maganar tana kallona.

Babbar 'yarta ce, bayan shekaru, ta zo gaisuwa ta tsaya a gaban Jan Wuya ta kasa wucewa. Ta ce, "Anti, don Allah ki ɗan cire mini ɗaya." Tana tsakar gidan ranar da uwarta ta yi maganar farko, da wayonta. Na ce ta dawo da damina. Ba rowa ba ce, cire tohon nan yana da ƙa'ida. Sai ka zaɓi wanda ya fara yin saiwarsa, ka sa wuƙa mai kaifi ka raba shi da uwar a ƙarƙashin ƙasa, ka bar shi a wurin makonni ya saba da ciyar da kansa, sannan ka ɗaga shi da ƙasarsa. Wanda ya fizge shi rana ɗaya ya kashe shi. Na yi mata duk wannan, na haɗa mata ƙasa, na ba ta daro daga cikin nawa, na zaunar da ita na faɗa mata maganar sanyi tiryan-tiryan har da abin da ya sami na farko da wanda ya sa aka cire daron. Ban ɓoye sunan ba. Ta yi shiru, ta ce, "Allah Ya jiƙan Gwaggo." Na ce amin. Nata yana nan da rai, na je na gani, ta kula da shi fiye da yadda na zata.

To ranar da aka zauna lissafin abin da Malam ya bari, sai na ji an karanto Jan Wuya a cikin jerin kaya. Auta ne ya rubuta shi, Autan da na nuna wa ƙofa da daro. Ashe wani mai shirya lambunan manyan gidaje ya gan shi ranar zaman makoki, ya taya tun kafin a share makokin, Auta kuma ya amsa masa. Abin da na faɗa a zaman nan, da wanda ya tashi ya goyi bayana cikin dangin, wanda ban taɓa zato ba, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.