Kada ka raba kuɗin biyu don kowa ya yi haƙuri

Ƙannena da ke son shiga aikin raba gardamar kuɗi tsakanin asibitoci da kamfanonin inshorar lafiya, wato HMO, ku sani sulhun da muka tashi muka gani a zauren mai unguwa ba ya aiki a nan. A can burin dattawa a tashi ba wanda aka kunyata. A nan kuwa mutanen da ke gabanka su ne dai za su dawo wata mai zuwa, kuma suna karantar ka.

Da waccan tarbiyyar na fara. Asibiti ya kawo lissafi, kamfani ya ce rabi kawai ya sani, sai in sauka tsakiya in ce kowa ya yi haƙuri. Ana ta yi mini godiya, ashe ciniki nake koya musu. Ba a jima ba lissafin asibitoci ya fara kumbura, kamfanoni kuma suka shiga zaftarewa babu dalili. A Amurka, dokar da ta fara aiki a Janairun 2022 ta toshe wannan ƙofa: kowane ɓangare ya miƙa farashinsa, mai hukunci ya ɗauki ɗaya, ba shi da ikon yanko na uku. Wanda ya zaƙe da yawa shi zai faɗi. Mu ba haka tsarinmu yake ba, amma dabarar abin lura ce.

Abin da ya gyara mini aiki shi ne fayil ɗin majinyaci. An taɓa kawo mini rigimar wata mata da aka yi wa tiyatar haihuwa cikin dare. Kamfani ya ƙi biya, wai ba a karɓi lambar amincewa daga wurinsu ba kafin a shiga da ita. Na kusa sa hannu, domin a takarda gaskiyarsu ce. Da na buɗe rubutun ma'aikaciyar jinya, sai ga lokacin da matar ta iso tana zubar da jini, ga awon jininta yana sauka, ga lokacin da aka shiga ɗakin tiyata. A wayar asibitin kuma ga saƙon neman lamba da aka tura kafin nan, ba a amsa ba sai da gari ya waye. Wa zai ce likita ya jira? Amma a fayil ɗin nan dai, lissafi ya ce leda uku na jini aka ƙara mata, rajistar ɗakin gwaji ta ce ɗaya. Aka biya tiyata cif, aka soke leda biyu. Da na raba biyu, da na zalunci asibiti a layi ɗaya, na ba shi kyauta a wani.

Ku ƙware a bambancin biya iri biyu. Akwai kuɗin da ake ba asibiti duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, don ƙananan larurori irin zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma aikin da ake biya ɗaya bayan ɗaya, kamar tiyata. Rigima da yawa daga nan take: a cusa na farko cikin lissafin na biyu. Sannan ku duba farashin da ke aiki ranar da aka yi maganin, ba ranar da kuke zama ba.

Tausayi ma ya taɓa ja na. Shekaru aka kwashe ana biyan asibiti naira 750 duk wata a kan mutum ɗaya alhali magani na ta tashi, kuma kukan asibitoci gaskiya ne. Sai dai gyaran farashi aikin hukumar inshorar lafiya ta Najeriya ne, wato NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon tsarin inshorar, NHIS. Kai yarjejeniyar da ke gabanka aka ba ka.

Idan ɓangare ɗaya ya kira ka da dare "don gaisuwa", ka ce ya rubuto, a tura wa ɗayan kwafi. Kafin ka rufe kowane fayil kuma, ka nemi rasit: sau da yawa asibiti ya riga ya karɓi kuɗin a hannun dangin majinyaci tun ranar sallama. In haka ne, ka rubuta cikin hukuncin cewa a mayar musu, da adadin da ranar biya.