Idan Jinyar Baba ko Inna Ta Faɗo Kanku

Ƙannena, da yawanku ne ke kwana kusa da uwa ko uba da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, yayye suna wurin nema, ga makaranta tana jira. Yawancin kurakuran da muka tafka a jinya, tausayi ne ya jawo su.

Babbansu shi ne barin majinyaci ya wuni a gefe ɗaya don kada a katse masa barci. Daga nan gyambon kwanciya ke somawa, domin nauyin jiki yana tare jini a inda ƙashi ya tokare fata: ƙugu, kwatangwalo, kafaɗa da diddige. A juya shi duk awa 2, har cikin dare. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, sai dai wurin ya yi duhu, ya ɗau zafi ko ya yi tauri. Kada ka murza, ka ɗauke masa nauyi kawai. Sa matashi ƙarƙashin sharaɓa yadda diddige zai rabu da katifa, zanin da fitsari ya jiƙa kuma a cire shi nan take.

Wajen ɗagawa, kada ka ja hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. Ku biyu ku kama zanin gado, ku lanƙwasa gwiwa, bayanku a miƙe.

Ba a ba shi abinci a kwance. Zaunar da shi sosai, ka ɗauki ƙaramin cokali. Kunu mai kauri ya fi ruwa sauƙin haɗiya. In yana ƙwarewa ko muryarsa ta canja bayan haɗiya, abinci ne ke bin hanyar iska, ƙarshenta ciwon huhu, don haka a sanar da likita. Ya zauna minti 30 bayan ci, ka duba kuncinsa ko loma ta maƙale. Ruwan zafin gasa masa jiki kuwa ka fara gwada shi a jikinka, mai yiwuwa shi ba zai ji yana ƙonewa a ɓarin da ya shanye ba.

Maganin hawan jini ba a daina shi don awo ya yi kyau.

Kunya ce ke hana ku neman hannu, har jarrabawa ta wuce ku. Ku zauna da yayye da dangi a raba aikin a takarda: wa ke da dare, wa ke sayen magani, wa zai kai shi gashi asibiti. Ka kuma sanar da malamin ajinku halin da ake ciki tun kafin fashi ya taru.