Kwalin rasit ɗina da harajin Ingila

Kwalin takalmi ne, na cika shi da rasit har murfin ya daina rufuwa. Shekara biyu ina tarawa, tun ranar da na kama aikin mataimakin matuƙi a wani kamfanin jiragen sama da ke tashi daga filin jirgin sama na Gatwick, kusa da Landan. Maiɗakina ta sha cewa, "Abban yara, wannan kwalin fa, kyankyasai za mu kiwata?" Sai in ce mata ta bar shi, kuɗi ne kwance a ciki. A lissafina, duk abin da na kashe saboda aiki gwamnatin Ingila za ta mayar mini.

A Zariya na koyi tuƙi, na yi 'yan shekaru ina tashi tsakanin Kano, Abuja da Legas, kuma ban taɓa zama na duba yadda ake cire mini haraji ba. A Ingila ma tun daga albashi ake zare shi kafin ya shigo hannu. Bambancin shi ne a nan adadin yana da zafi. Fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa su. Daga nan zuwa 50,270 ana cire kashi 20 cikin ɗari, abin da ya haura har zuwa 125,140 kuma kashi 40.

Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da akanta, dattijo ɗan Zangon Kumasi da ya daɗe a Landan. Na ajiye kwalin a teburinsa ina ji da kaina. Ya sa tabarau, ya fara ware takardun gida biyu. Ɓangaren hagu sai tudu yake yi, na dama kuwa bai wuce 'yan ƙwarori ba.

"Alhaji, wanne ne nawa?" na tambaya.

Ya ɗora yatsa a kan ɗan ƙaramin. "Ƙanena, ka yi haƙuri."

Takardar da na fi sa rai a kanta ita ya fara jefawa hagu. Lasisin tuƙi kaɗai ba ya ba mutum damar hawa kowane jirgi. Kowane samfuri da horonsa da hatiminsa. Horon Airbus A320 ni na biya da kaina kafin a ɗauke ni, kuma filina na Kano ne ya tafi a kansa. Ga kuɗin jarrabawowin mayar da lasisina na Najeriya zuwa na Ingila. Alhaji ya ce dokar harajin albashi ta 2003, sashe na 336, ta gindaya sharaɗi: abin da aka kashe ya kasance dungurungum domin aikin, ba a haɗa shi da wata buƙata ba, ya zama dole, sannan a kashe shi a cikin yin aikin. A wannan gaɓar ta ƙarshe na faɗi. Kuɗin da ka kashe don ka cancanci a ɗauke ka, ba a cikin yin aikin ka kashe shi ba, a bakin ƙofa ka kashe shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ya ƙara da cewa, da kamfanin ne ya ɗauki nauyin horon, doka ba ta lissafa shi a matsayin albashin da za a sa wa haraji. Horo ɗaya, jirgi ɗaya, amma aljihun da kuɗin ya fito shi ke yanke hukunci.

Man mota daga gida zuwa Gatwick, hagu, domin zuwa wurin aiki na dindindin hidimar kai ce. Hayan ɗaki, hagu. Tikitin zuwa Kano da Sallah, hagu. Akwai sassauci ga baƙon ma'aikaci a shekarunsa na farko, amma sai in kamfani ne ya biya ko ya mayar masa. Har rasit na aski na tara, wai ai dokar kamfani ce a fito tsaf. Alhaji ya ɗaga shi sama ya yi dariya har da tari.

Na dama fa? Kuɗin sabunta lasisi da na gwajin lafiyar da likitan jiragen sama ke yi mana duk shekara, waɗanda na biya ba a mayar mini ba. Sai kuma wani abu da ban ma san da shi ba, wanda ba ya buƙatar rasit ko ɗaya. Hukumar haraji ta HMRC ta yanka wa matuƙa masu sa yunifom adadi tsayayye, fam 1,022 a shekara, na wanki da gyaran kaya da ƙananan kayan aiki. Ma'aikatan cikin jirgi kuma fam 720. Shekara biyu ina adana takardar aski, na bar wannan a ƙasa.

Nan ma sai da ya gyara mini zama. Ba fam 1,022 za a ba ni ba. Za a cire su ne daga kuɗin da ake lissafa wa haraji. Mai biyan kashi 40 zai ga fam 408.80, mai kashi 20 kuma rabin haka. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, ana iya komawa baya har shekara huɗu a nema, kuma shekarar haraji a Ingila daga 6 ga Afrilu take farawa ta ƙare 5 ga Afrilu. Idan abin da ake nema bai wuce fam 2,500 a shekara ba, fom ɗin P87 ya wadatar; in ya wuce, sai cikakken bayanin haraji na shekara, wanda ta intanet wa'adinsa 31 ga Janairu. Bayan 'yan makonni lambar harajina, wadda ke nuna adadin da ba a taɓawa a albashina, ta tashi daga 1257L ta koma 1359L. Yanzu ita nake fara dubawa a takardar albashi kafin in kalli jimlar.

Tun daga nan na riƙa tambayar abokan aiki na wasu ƙasashe, sai na ga kowa da irin kiɗansa. Waɗanda ke Dubai ba su da wannan ciwon kan, tunda babu harajin albashi, babu abin da za a rage. Ba'amurke kuwa ƙasarsa na bin sa da haraji duk inda yake a duniya, daga 2018 an dakatar da rage kuɗin da ma'aikaci ya kashe daga aljihunsa, kuma sa'o'in da ya yi a sararin tekun da ba na kowa ba, ba a lissafa su a matsayin aikin ƙasar waje. Ƙa'idar kwana 183 da kowa ke ambata ma, wato ƙirga kwanakin da mutum ya yi a wata ƙasa don sanin ko za ta sa masa haraji, ba ta wadatar da mu, domin yarjeniyoyin haraji tsakanin ƙasashe suna ware wa ma'aikatan jirgi sakin layi nasu daban.

Da lokacin sauya kamfani ya zo, ban fara da tambayar albashi ba. Na tambayi wanda zai biya horon sabon jirgi, da gwajin lafiya, da sabunta lasisi, na ce a rubuta a kwantiragi. Sun yarda su biya horon, bisa sharaɗin in na tafi kafin shekara uku in mayar da wani kaso. Na kai wa Alhaji takardar ya karanta kafin in sa hannu. Kwalin kuwa maiɗakina ta karɓe shi, zare da allura take ajiyewa a ciki.